Tambayoyi da amsoshi kan rubuta wa ma'aikata jagorar dokar kare baligai masu rauni

Waɗannan tambayoyin su ne suke ta dawowa duk sanda aka zauna za a rubuta wa ma'aikata jagora kan dokar kare baligai masu rauni, wasu daga bakin 'yan kwamitin rubutu, wasu kuma daga nas-nas da jami'an jin daɗin jama'a da 'yan sanda da za su riƙe takardar su shiga gidajen mutane da ita. Yawancin misalan na ɗauko su ne daga Sikotland da Ingila saboda sun daɗe suna wannan aikin a rubuce, amma tambayoyin kam na ko'ina ne.

Wai ba doka ta riga ta faɗi komai ba, meye kuma amfanin wata jagora?

Doka tana faɗa maka abin da kake da ikon yi da abin da ya zama dole a kanka, shikenan ta tsaya nan. Ba za ta faɗa maka me za ka ce ba idan ka ƙwanƙwasa ƙofa ɗan tsohuwar ya leƙo ya ce bacci take yi ku dawo gobe, kuma wannan ne karo na uku da ya faɗi haka. To a wannan bakin ƙofar ne ake buƙatar jagora. Dokar Sikotland ta tallafi da kare baligai an yi ta a 2007, ta fara aiki a 2008, kuma tare da ita aka fitar da kundin ƙa'idojin aiki wanda aka sake yi wa gyara a 2014 da 2022, alhali ginshiƙan dokar suna nan yadda suke. Kaga kenan abin da ke canzawa shi ne fahimtar yadda za a yi aiki da ita, kuma jagora ce ke ɗaukar wannan canjin.

Wani amfanin kuma shi ne daidaito. In babu jagora, ma'aikata biyu a ofis ɗaya za su kalli matsala iri ɗaya, ɗaya ya rufe fayil a rana ɗaya ɗaya kuma ya kira mitin, sai ya zama kariyar mutum ta dogara da wanda ya ɗauki waya a ranar.

Su waye ma ainihin baligai masu rauni ɗin?

Kowace doka da ma'aunin ta, kuma jagorarku dole ta bi ma'aunin dokarku kalma da kalma a wannan wurin, kada ku ƙirƙiro naku. A Sikotland mutum ya kai shekara 16 sannan abubuwa uku su haɗu a kansa: ba ya iya kare lafiyarsa ko dukiyarsa ko haƙƙoƙinsa da kansa, yana cikin haɗarin a cutar da shi, sannan wata nakasa ko rashin lafiya ko larurar ƙwaƙwalwa ko raunin jiki ya sa ya fi sauran mutane saurin cutuwa. Sai duka ukun sun cika. A Ingila dokar kulawa ta 2014, a sashe na 42, tana magana ne kan ɗan shekara 18 zuwa sama mai buƙatar kulawa da tallafi, wanda ake cin zarafinsa ko ake sakaci da shi ko yake cikin haɗarin hakan, kuma wannan buƙatar tasa ta hana shi kare kansa. Singafo ma ta yi nata dokar a 2018.

Abin da ya kamata jagora ta nanata shi ne tsufa kaɗai ko nakasa kaɗai ba ya sa mutum ya shiga wannan rukunin. Makaho mai gudanar da harkokinsa ba ruwan dokar da shi, sai ranar da wani ya fara amfani da makantar yana kwashe masa kuɗi shi kuma ba shi da hanyar ganewa ko hanawa. Shi ya sa ma Ingila ta bar kalmar mai rauni da ta yi amfani da ita a jagorar gwamnati ta 2000, aka koma cewa baligin da ke cikin haɗari, don kada a riƙa ganin kamar matsalar daga jikin mutumin take alhali daga mai cutar da shi take.

Muna da jagorar kare yara mai kyau, ba za mu iya ɗaukowa mu canza kalmomi kawai ba?

Don Allah kada ku yi haka. Tsarin kai rahoto da na ajiye bayanai za ku iya aro, amma zuciyar abin daban take. Yaro ana yanke masa shawara ne bisa abin da zai amfane shi ko bai so ba. Baligi kuwa yana da haƙƙin ya zaɓi abin da kai kake ganin kuskure ne, ya ci gaba da zama da wanda kake zargi, ya ce maka fita daga gidana. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006 ta haɗa abubuwa biyun, sashe na 16 ya ce a kare su daga cin zarafi da ci da gumi, sashe na 12 kuma ya ce matsayinsu a gaban doka daidai yake da na kowa. Jagorar da ta riƙe na farko ta saki na biyu za ta koya wa ma'aikata su riƙa ɗaukar dattijo kamar jariri. Duba amsar tambayar wanda ya ce a rabu da shi a ƙasa, nan ne bambancin yake fitowa sosai.

Wa da wa ya kamata su zauna a kwamitin rubutu?

Lauya ɗaya dole ne, don kada ku rubuta abin da doka ba ta ba ku iko ba. Amma in lauyoyi da manyan daraktoci kaɗai suka rubuta, wallahi abin da zai fito shi ne dokar da aka sake jerawa da wasu kalmomin. Ku sa ma'aikatan da ke zuwa gida gida, nas ta asibiti, likitan da ke duba ƙwaƙwalwa, ɗan sanda, mai kula da gidan tsofaffi, har da wani daga ɓangaren banki in zai yiwu tunda su ne kan fara ganin an cire kuɗi ba yadda aka saba ba.

Sai kuma su kansu mutanen da aka taɓa yi wa bincike a kansu, da iyalan da ke ɗawainiya da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne za su gaya muku cewa an yi mitin uku a kansu ba wanda ya gayyace su, ko an aiko musu wasiƙa cike da kalmomin da ba su gane ba, ko an yi musu tambayoyi a gaban wanda suke tsoro. Kuma in kun gayyace su kada ku bari sai kun gama rubutu ku miƙa musu su sa albarka, ku kira su tun shafin farko babu komai a kansa, ku biya musu kuɗin mota da lokacinsu, ku ba mai buƙatar tafinta ko mai karanta masa abin da yake buƙata.

Daga ina za mu fara rubutun?

Ni shawarata kada ku fara daga sashe na 1 na doka kuna bi ɗaya bayan ɗaya. Ku tara tsofaffin fayil kamar 20 ko 30, a goge sunaye, ku karanta ku ga a ina ma'aikaci ya tsaya ya rasa yadda zai yi, a ina aka yi jinkiri, a ina hukuma ɗaya ta ɗauka ɗayar ce ke riƙe da maganar. Waɗannan wuraren su ne babin jagorarku. Bayan haka sai ku jera aikin yadda yake faruwa a zahiri, an kawo rahoto, an tantance, an je an ga mutumin, an auna haɗari, an yi taron hukumomi, an yi shirin kariya, an sake dubawa, an rufe, kowane mataki a rubuta wa ke da alhaki da cikin kwana nawa.

Waɗanne irin cutarwa za mu lissafa?

Jagorar dokar Ingila ta lissafa goma: dukan jiki da makamantansa, rikicin cikin gida, cin zarafi ta hanyar lalata, cutar da zuciya da tsoratarwa, cin dukiya, bautar zamani, wariya, cutarwar da ke fitowa daga tsarin wata cibiya, sakacin mai kulawa, da mutum ya yi watsi da kansa. Za ku iya farawa daga nan, amma ku rubuta ƙarara cewa jerin misali ne, don kada ma'aikaci ya ga abin da ba ya ciki ya ce ba huruminsa ba ne. Kuma lissafi kaɗai ba ya koyar da komai, a ƙarƙashin kowanne ku sa alamomin da ido zai gani: tsohon da fanshonsa ke shiga duk wata amma babu abinci a gidan, sabon aboki da ya bayyana kwatsam yana riƙe da katin banki, ciwon kwanciya a bayan wanda ba a juya shi, mutum ya yi tsit da zarar wani ya shigo ɗakin.

Kan girman abin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama sun fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin al'umma a shekarar da ta gabaci binciken, kuma kaɗan ne ƙwarai ake kai rahotonsu. Ku sa wannan a farkon jagora don ma'aikaci ya san ba abu ne da sai an daɗe ake gani ba.

Mutum ya ce shi ba ya son taimako, a rabu da shi. Me jagora za ta ce wa ma'aikaci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma jagorar da ta tsallake ta ko ta ba ta layi biyu ba ta yi aikinta ba. Kurakurai biyu ne a nan kuma duka suna kashe mutane. Na farko ma'aikaci ya ji an ce a'a ya rubuta ya ƙi amincewa ya rufe fayil ya tafi hankalinsa kwance. Na biyu ya ɗauka tunda ya ga haɗari to yana da ikon ya tattara mutum ya raba shi da gidansa da mutanensa, wani lokacin abin da aka raba shi da shi ya fi masa muhimmanci fiye da kuɗin da ake sace masa.

Abin da jagora za ta koya shi ne a'a ɗin nan sai an bincike ta. An tambaye shi shi kaɗai ne ko mai cutar da shi na tsaye a bakin ƙofa? Ya fahimci me ake masa tayi, ko ya ɗauka za a kai shi gidan tsofaffi a kulle? Shin ba ya so ne ko ba ya iyawa ne, saboda matar da ta shekara 30 ana tsorata ta za ta iya cewa lafiya lau da bakinta alhali tsoro ne ke magana, kuma gyaran 2022 na kundin Sikotland ya ja hankali sosai kan yadda tsohon tabon wahala da tursasawa ke rage wa mutum ikon kare kansa. Wa yake ba shi abinci da magani, in wanda ake zargin ne to dole ya kare shi don yana tsoron wa zai kula da shi gobe, kaga a nan in ka samar masa wani mai kulawa amsar tasa na iya canzawa. Sannan akwai wasu a cikin haɗarin, yara a gidan ko wasu tsofaffin da wanda ake zargin yake kula da su? In akwai, ƙin amincewar mutum ɗaya ba ta ɗaure hannunka ba.

In duk an bi wannan kuma ya tabbata mutumin da hankalinsa, ba mai matsa masa, ya zaɓi ya zauna yadda yake, to a mutunta zaɓinsa, amma jagora ta hana rufe ƙofa gaba ɗaya. A bar masa lambar da zai kira, a tambaye shi ko akwai ƙaramin abin da zai yarda da shi ko da canza makulli ne ko buɗe wani asusun, a sa ranar da za a sake leƙo shi, a kuma rubuta dalilin shawarar da sunan shugaban da aka tattauna da shi. Masu watsi da kansu, irin wanda ya tara tarkace har ba hanyar wucewa a ɗaki ko ya daina shan magani, galibi sai an yi watanni ana zuwa ana gaisawa kafin su yarda da komai, don haka jagora ta ba ma'aikaci izinin ya ɗauki wannan lokacin, kada a riƙa ƙirga masa shi a matsayin jinkiri.

Ta yaya za mu bambanta wanda ba ya iya yanke shawara da wanda shawararsa ce kawai ba ta yi mana ba?

Dokar Ingila da Wels ta 2005 kan ikon yanke shawara ta ba da tsari mai sauƙin koyarwa. Ana ɗaukar kowa yana da ikon sai an tabbatar ba shi da shi, sai an yi duk ƙoƙarin taimaka masa ya fahimta kafin a ce ya kasa, kuma yin zaɓin da bai yi kama da hikima ba ba hujja ba ce. Gwajin kansa abu huɗu ne, ya fahimci bayanin, ya riƙe shi na ɗan lokacin da zai yanke shawara, ya auna shi, ya kuma iya bayyana abin da ya zaɓa ko da da alama ne. Sikotland tana da tata dokar daban ta 2000.

Ku rubuta da manyan baƙi cewa gwajin na shawara ɗaya ne a lokaci ɗaya. Mai ciwon mantuwa na iya kasa fahimtar sayar da gida amma ya san sarai wa yake so ya zo masa ziyara, wani kuma da safe garau yake da yamma ya rikice. Sannan akwai wanda zai ba ka amsa tsaf a baki amma in lokacin aikatawa ya zo ba ya iyawa, wannan ana yawan ganinsa ga waɗanda suka samu rauni a ƙwaƙwalwa, don haka a duba abin da mutum yake yi ba abin da yake faɗa kaɗai ba. Wannan amsar a haɗa ta da ta sama, tare suke tafiya.

Yaushe ma'aikaci zai iya shiga gida ko ya nemi umarnin kotu?

Nan fa sai abin da dokarku ta ce, kuma ƙasashe sun bambanta ƙwarai. A Sikotland jami'in ƙaramar hukuma na da ikon ziyara da ganawa da mutum a keɓe da neman duba takardun lafiya da na kuɗi, amma dole ya gaya wa mutumin cewa ba tilas ba ne ya amsa tambayoyi. Akwai umarni uku da alƙalin da suke kira sherif ke bayarwa, na tantancewa mai aiki kwana 7, na ɗauke mutum zuwa wuri mai aminci wanda ba ya wuce kwana 7, da na hana mai cutarwa zuwa wurin har tsawon wata 6. Alƙali ba zai bayar ba in ya san mutumin ya ƙi, sai an nuna masa cewa matsa masa aka yi ya ƙi kuma babu wata hanyar da ta rage. Wels ma tana da umarnin shiga a dokarta ta 2014, Ingila kuwa dokar kulawarta ba ta ba jami'an jin daɗin jama'a wannan ikon ba. Amurka kowace jiha da nata tsarin kare baligai, sai a 2016 gwamnatin tarayya ta fitar da jagora ta ganin dama, a 2024 kuma ƙa'idojin tarayya na farko.

Jagora ta bayyana irin hujjar da alƙali zai nema da wa zai tattara ta, ta kuma tuna wa ma'aikaci ƙa'idar da ke farkon dokar Sikotland, cewa duk matakin da za a ɗauka ya kasance zai amfani mutumin kuma shi ne mafi ƙarancin tauye masa 'yanci.

Sirrin mara lafiya fa? Likitoci suna cewa ba za su iya ba da bayani ba.

Wannan tsoron gaskiya ne kuma jagora ce za ta cire shi. A rubuta a fili yaushe ake neman izinin mutum, yaushe ake iya ba da bayani ba da izininsa ba, wa ake ba, kuma iya nawa, wato abin da ake buƙata kawai ba fayil ɗin duka ba. Dokar Sikotland ta ɗora wa hukumomi irin su lafiya da 'yan sanda wajibcin haɗa kai da kai rahoto. Abin da bitar da ake yi bayan mutuwar irin waɗannan baligai ke yawan nunawa shi ne kowa yana riƙe da guntun labari, asibiti ta ga karaya, 'yan sanda sun je gidan sau biyu, mai gidan haya ya ga baƙin fuskoki, ba wanda ya haɗa. Maganinsa a koya wa ma'aikata jera abubuwan da suka faru bisa kwanan wata a takarda ɗaya da duk hukumomin za su zuba nasu.

Idan cutarwar a cikin cibiyar kulawa take, ma'aikata ne ke yi?

Ku ba wannan babi nasa. A 2011 shirin Panorama na BBC ya nuna da ɓoyayyiyar kyamara yadda ake azabtar da masu larurar koyo a asibitin Winterbourne View kusa da Biristol, daga baya aka samu ma'aikata 11 da laifi, 6 suka tafi gidan yari. Abin da ya fi ciwo shi ne wani babban nas ya riga ya kai ƙara ga shugabanni da hukumar sa ido ba a ɗauki mataki ba. Don haka jagora ta faɗi inda ma'aikaci zai kai magana in shugabansa ne matsalar, da irin kariyar da yake da ita, da kuma yadda za a binciki cibiya gaba ɗaya idan ƙorafe-ƙorafe ƙanana suka fara taruwa daga wuri ɗaya.

Shafi nawa ya kamata ta kai, kuma da wane irin harshe?

Biyu za ku yi. Babbar da shugabanni da masu bincike za su riƙa komawa, da 'yar gajeruwa shafi biyu ko uku da za a buɗe a waya a tsaye: me zan yi yanzu, wa zan kira, me zan rubuta, me ba zan yi ba, misali kada ka tunkari wanda ake zargi da kanka kuma kada ka yi alƙawarin riƙe sirri. Ku bambanta dole da ya kamata da ana iya, kalmomin nan uku kada su cakuɗe. Ku sa labaran misali masu wuya waɗanda amsarsu ba a fili take ba, kuma a fom ɗin ku bar gurbin da za a rubuta abin da mutumin ya ce yana so da kalmominsa shi.

Mun gama rubutawa, saura me?

Gwaji kafin bugawa. A ba sabuwar ma'aikaciya da tsohon ma'aikaci labari ɗaya su bi jagorar kowa shi kaɗai, in sun ɓulla wurare daban to rubutun ne ke da gyara. Tirenin kuma a haɗa hukumomi a ɗaki ɗaya, nas ta ji yadda ɗan sanda ke tunani. A Sikotland kwamitocin kare baligai suna ba da rahoto duk shekara biyu, a Ingila kuma sashe na 44 na dokar kulawa ta 2014 ya wajabta yin bita in baligi ya mutu ko ya cutu sosai kuma ana shakkar yadda hukumomi suka yi aiki tare, irin waɗannan rahotannin su ne za su nuna muku shafin da ke buƙatar canji. Ku rubuta kwanan watan bugu da ranar sake dubawa a bangon, ku sa sunan muƙamin wanda ke da alhakin gyara, sannan duk lokacin da sabon bugu ya fito a bi a cire tsohon daga intanet da allunan ofis, don ana samun ma'aikaci yana aiki da bugun da aka soke shekaru uku baya.

In ma'aikaci ya ga bin jagorar zai cutar da mutumin da ke gabansa fa?

Doka tana sama da jagora, in sun saɓa doka za a bi a kuma sanar da masu gyara nan take. In kuma ba saɓani da doka ba ne, yanayin ne kawai jagorar ba ta hango ba, to ku rubuta masa hanya tun yanzu: ya kira shugabansa ko wanda ke bakin aiki a daren, su yanke tare, ya rubuta abin da ya yi da dalilinsa da ƙarfe nawa, washegari a duba. In rai na cikin haɗari a lokacin kuwa ya kira motar asibiti ko 'yan sanda tukuna, fom ya biyo baya.